Maido Rijiyar

Tsohon ya riƙe mani wuyan riga da hannu guda, da gudan hannun shina nuna talabijin, shina cewa in maido rijiyar. Ranar kasuwar Sabon Birni ce, bayan azahar, rumfar kallo cike da mutane, kwano ya ɗau zafi sai ka ce wuta anka hura bisa kanmu. Rijiyar da yake faɗi ta riga ta wuce, fim ya koma nuna wasu shanu kwance cikin rairayi. Mai gidan kallo ya tafi Maraɗi, kuma kafin ya tafi abu guda ya ja mani kunne a kai, kada in kuskura in maida kaset baya fim na tafiya, don bidiyon nan in ranshi ya ɓaci tauna kaset yake yi. Ga shi man da ke cikin janareta bai da yawa, mutane kau ba don rijiya sunka shigo ba, fim ɗin faɗa suke jira.

Na ce, "Baba, sakar mani riga in duba."

Ya ce, "Maido rijiyar tukuna."

Na san shi, ya san ni. Surukin Yayata ne, uban mijinta, manomi daga Gatawa, mutumin da in ya biyo ta ƙofar rumfarmu sai ya kau da kai shina a'uziyya. Ban taɓa zaton za ni gan shi ciki ba. Kuma na san ba rijiya yake son gani ba, wanda ke fitowa daga cikinta yake so. To amma mijin Yaya ne, ɗan farinshi, a wurinmu kau uba ba ya kama sunan ɗan fari, ba ya cewa ɗana gaban mutane, balle ya nuna shina marmarin ganinshi. Shi ya sa maganar ta tsaya kan rijiya.

Na danna. Bidiyo ya yi wani kuka, shanun sunka tashi da baya-baya, mata sunka yi ta tafiya da baya da tuluna bisa kai. Samarin bayan rumfa sunka fara surutu, wani shina cewa ko gidan kallon ya zama na Gatawa ne. Sai wani mai sai da fatu da ke zaune gaba ya juya ya faɗa masu ko wane ne tsohon. Nan take wurin ya yi tsit, janareta kaɗai ke magana daga waje.

Abin da ke ciki bai da tsawo. Bakin rijiya ne sabuwa, an kafa itace uku bisa, mutane na jan igiya. Sai kai ya ɓullo, sai kafaɗu, mutum zaune cikin madaukin igiya, jikinshi dut laka. Ya juyo da fuska, ga tsagar Gobir a kumatu, ya yi dariya. Muryar wata Baturiya na bisa tana ta zuba Faransanci, amma ƙarƙashinta ana jin ya ce wa masu ja, "Saura kaɗan." Ya dafa baki ya fito, ya ɗauki ƙwarya ya sha ruwa. Shi ke nan, sai shanu.

Don tsohon ya gani da kyau, da na sake maidowa sai na tsaida hoton daidai inda fuskar ta juyo. Bidiyon lokacin in ka tsaida shi hoto ba ya tsayawa cak, rawa yake yi. Wani daga baya ya ce ai zazzaɓi gare shi, duba yadda jikinshi ke kaɗawa. Tsohon ya saki rigata ya kama hannuna.

"Sake shi, yaro. Ba a tsaida mutum bisa igiya bakin rijiya."

Na sake shi, ya fito, ya sha ruwanshi. Tsohon ya juya ga mutane ya ce, ai kun ji, an ce saura kaɗan. Bai faɗi wanda ya ce ba. Ya ɗauki sandarshi da fatar akuyar da ya kawo kasuwa bai sayar ba, ya fita. Na sa masu fim ɗin faɗa, na tsaya gefen talabijin ina fassara, amma ban san abin da nake faɗi ba. Yayata nake tunani, don ranar Juma'a mai zuwa za a gama maganarta.

Ni lokacin ban daɗe da kama aikin ba. Makaranta na bar ta ina aji ɗaya na sakandare a Isa, ba korata anka yi ba, hutu na fito ban koma ba. Na yi faci, na yi dako a tasha, na bi wani mai babur muna kai fetur tsallaken iyaka, na koma gida Tozai in yi noma daidai shekarar da gero ya kai gwiwa ya bushe tsaye. Inna kan ce ba ni da gindin zama, ban taɓa yi mata musu ba. Aikin gidan kallo bakina ya samo mani shi. Ba na jin Indiyanci, ba na jin yaren masu faɗa da ƙafa, kowa ya sani, amma ina tsayawa gefen akwatin in sa masu magana a baki. In jarumi ya dubi budurwa ya yi dogon bayani, sai in ce cewa ya yi goro ya yi tsada, ta yi haƙuri da rabi. Mutane su yi dariya, gobe su dawo.

Kaset ɗin rijiya gyara anka ba mai gida bisa wasu da ya saro Maraɗi. Uku ne iri guda, babu jarumi, babu bos, babu rawa. Ɗaya na zakuna, ɗaya na kifayen teku, ɗaya na fari. Tsofaffi sun ce irin majigin da ne, wanda motar gwamnati kan haska jikin bango a nuna yadda ake shuka gyaɗa. Mai gida ya ce majigi sunan tsofaffi ne, ba ya jawo kowa, ya sa masu suna gani-da-ido, sunan kau ya zauna. Na kifi anka fi so. Shekarun nan gulbi ya zama hanyar jakuna, mutane na cin dusa da tafasa, garin rogo daga kudu ya zama abincin masu hali, sai ka ga ƙato ya shigo ya zauna shina kallon ruwa kawai, shuɗi, babu iyaka, bai ko son in yi magana. Na farin ba a cika so ba, mutane kan ce wanga ai ko ƙofar gida ka tsaya ka gan shi. Abin da ke riƙe su ciki guda ne, mutanen fim ɗin Hausa suke yi ƙarƙashin muryar Baturiyar, sai a ce mani in yi shiru a ji mutanenmu.

Akwai wani abu kuma. Mai gida na da doguwar eriya bisa gora, in iska ya yi daidai mukan kama tashar Nijar, a ga kokowa ana yin ta a lokacin, rediyo na faɗin abin da ido ke gani. Daga nan mutane sunka raba abin gida biyu. In da rawa da jarumi, wasa ne. In babu, to abin na faruwa ne yanzu a wani wuri, akwatin taga ce kawai. Ba wauta ba ce, abin da sunka gani ke nan. Ni kaina sai da na daɗe ina sa kaset ina cirewa kafin abin ya zauna mani.

Mijin Yaya ginar rijiya ce sana'arshi. Shekarar farko ta farin, bayan kakar da ba a cika rumbu ko guda ba, ya ji ana ɗaukar maginan rijiya can ƙasar Faransa, haka muke ce wa Nijar, ya ɗauki daginshi ya tafi. Damina uku babu shi babu saƙo. Yaya na gidan uban da ɗiyarta guda, gidan da ake ɗora tukunya sau ɗaya a yini, tana surfe a gidajen mutane a ba ta dusa. Ba matar aure ba, ba bazawara ba. Ba ta iya komawa Tozai don igiyar aure na kanta, ba ta iya fita neman na kanta yadda take so don matar mutum ce. Kawunmu ya kai maganar gaban malamin Gatawa, wanda gidansu ke ɗaura aure da raba gado tun kakanni. Malam ya sa an yi cigiya wajen direbobi da fatake, ya jira, ya ƙara jira, sannan ya ce Juma'a bayan an sauko zai raba auren, ta yi idda ta koma gida. Tsohon bai hana ba, don bai da abin cewa. Yanzu ya samu.

Kafin in kai Gatawa labari ya riga ni. An ga mai rijiya a talabijin, lafiyarshi lau, har ya yi ƙiba, ya aiko cewa saura kaɗan ya dawo. Wata tsohuwa ma ta tare ni bakin gari tana tambaya ko za ni iya duba mata nata ɗan cikin akwatin, shi Ikko ya tafi.

Ranar Alhamis malam ya tara mu zaurenshi, da tsohon, da kawu, da mutum biyu da ke cikin rumfa ranar. Ya tambaye su ko sun gan shi gani da ido. Sunka ce ƙwarai, ai sunan fim ɗin ke nan. Na nemi izini na ce, Allah shi gafarta malam, abin nan ɗauka ce anka yi tun tuni, in na sa shi gobe haka zai fito ya sha ruwa, in na sa shi baɗi haka. Saura kaɗan ɗin kuma ruwa yake nufi, sun kusa cim ma ruwa. Ɗaya daga cikin shaidun ya yi dariya ya ce, yau kuma wanda ke sa Indiyawa cinikin goro shi zai gaya mana abin da Bagobiri ke nufi da Hausa. Har kawu sai da ya murmusa.

Malam bai yi dariya ba. Ya ce wannan bai ɓace mashi ba, shina da kaset na karatun malaminshi da ya rasu, yakan sa ya ji muryar kamar suna ɗaki guda. Ya ce abin da yake so ya sani, yaushe anka ɗauka. In bara ne, magana ta canza, in tun shekarar tafiyar ne, magana na nan inda take. Ya dube ni.

"Ka san lokacin?"

Ban sani ba. Kaset ɗin kwafin kwafi ne, kwalinshi fari, ƙarshen fim ɗin ma an yanke an ɗora rabin wata kokowa. Na ce ban sani ba.

Sai malam ya ce akwai abin da ke gaba da wannan ma. Tsaga a kumatun Bagobiri ba shaida ba ce, rabin kasuwa na da irinta, ga laka a fuska, ga ido na tsufa, ga zuciya na son ta gani. Wadda ta fi kowa sanin mutumin ba ta gani ba. A kawo abin ta duba. In ta ce ba shi ba ne, gobe a gama yadda anka shirya. In ta ce shi ne, to an ga alamar rai, sai a dakata a bi sawu. Tsohon na gefe shina ta murza kan sandarshi.

Na shiga cikin gida na samu Yaya tana tankaɗe. Ta rame, wuyanta ya yi tsawo. Na gaishe ta, ta ce, "Auta, an ce kai ka kawo mana baƙo." Na zauna bisa turmi na gaya mata yadda hoton yake, dishi-dishi, ga layi na ratsawa, ga laka. Na ce in ta ce ba ta gane ba, babu wanda zai ce ta yi ƙarya, ni ma da na fara gani sai da na yi shakka. Ta ci gaba da tankaɗenta. Can ta ce ni dai in kawo abin, ido nata ne.

Mai gida ya dawo daren Laraba, kuma da ya ji labari bai yi faɗan maida kaset ba, don tun ranar kasuwar nan rumfa ke cika da masu son ganin rijiya. Ya yarda a ɗauki kaya, da sharaɗin in riƙe bidiyon bisa cinyata har Gatawa kamar jinjiri. Da hantsin Juma'a munka ɗora talabijin da janareta bayan wata a-kori-kura. Munka kafa a zauren tsohon, anka rataya tabarma a ƙofa don duhu, anka ja waya ta taga. Maza na gefe, malam bisa buzu, mata sun taru daga ƙofar cikin gida, Yaya na gabansu lulluɓe, ɗiyarta riƙe da zanenta. Yara sun hau katanga ana kora suna dawowa.

Na wuce da matan tuluna, na kawo rijiyar. Kai ya ɓullo, kafaɗu, dariya, saura kaɗan. Ya dafa ya fito, ya sha ruwa. Wata daga cikin matan ta fara salati. Yaya ba ta motsa ba. Ta ce a ƙara, amma ba ni ta gaya wa ba, ƙanwar mijin ta raɗa wa, ita ta faɗa. Na maida. Wannan karon na lura ba fuskar take kallo ba, idonta na ƙasan akwatin. Da shanu sunka fito malam ya yi gyaran murya ya tambaye ta, cikin ladabi, ko ta gane wanda ta gani.

Ta ce, "Shi ne."

Malam ya ce to, an dakata ke nan, a bi sawu, in an samu labari ko an rasa a dawo mashi. Ya yi addu'a anka shafa. Kawu ya tashi ya fita bai yi sallama da kowa ba. Tsohon ya laluba aljihu ya ciro ɓarin goro da ya fara bushewa ya miƙo mani, ya ce rijiyar ta yi kyau, an gina ta da kyau. Na karɓa da hannu biyu.

Ina bayan zaure ina naɗe waya Yaya ta zo kamar za ta zubar da ruwan wanke-wanke. Raina a ɓace yake, ban ɗago ba. Ta tsaya ta ce ko na ga ƙafarshi. Na ce wace ƙafa, ni fuska nake kallo. Ta ce lokacin da ya ɗora ƙafa bakin rijiya zai fito, akwai tsumma ɗaure a ƙwaurinshi na hagu. Ana gobe zai tafi dagi ya sare shi wajen, ita ta wanke, ta yage bakin zanenta mai ruwan ganye ta ɗaure mashi. Ta ce laka ta rufe launin, amma ƙullin nata ne, irin wanda take yi wa ƙunshin daddawa, kunne biyu.

"Ciwon ƙwauri ba ya damina uku, Auta. Bai ko yi wata da barin gida ba sunka ɗauke shi."

Na saki wayar. Na ce to mi ya hana ta faɗi gaban malam, ai maganar da yake nema ke nan, da yanzu an gama. Ta ce malam tambayarta ya yi ko shi ne, kuma shi ne. Ta ce tun ranar kasuwa tsohon ke cinye tuwonshi, da kau sai ya taɓa ya ture wa jikoki. Ba za ta cire mashi tuwo daga baki gaban mutane ba, cikin zaurenshi, bisa maganar tsumma. Kuma ita ma, ta ce, tana son ta san abin da ya biyo bayan shan ruwan, ko da za ta tafi, ta tafi da sani.

Sannan ta ce, "Kai da ba ka da gindin zama, yau ga ranarshi. Je ka ga rijiyar nan. Abin da ka tarar ka aiko mani, daga nan na san abin da za ni gaya wa malam."

Ta watsa ruwan ta koma ciki.

Da munka koma Sabon Birni na sa kaset ni kaɗai da rana na duba ƙafar. Tsumman na nan, kunne biyu. Sau nawa na nuna wurin nan ban gani ba. Na kira mai hoton bakin tasha ya ɗauki fuskar daga jikin talabijin. Da ya wanke, wani baƙin layi ya raba hoton biyu ta ƙirji, fuskar kamar an shafa mata toka, amma dariyar ta fito. Sannan na riƙa jawo direbobin da ke shiga Faransa ɗaya-ɗaya ina nuna masu fim ɗin kyauta. Yawancinsu sun ce duk rijiya rijiya ce. Wani mai ɗaukar albasa, Ba'adare mai yawan tsaki, shi ya ce in tsaida, ba kan rijiyar ba, kan wani dutse da ke bayan shanun, mai kai kamar an datse da wuƙa. Ya ce ya san shi, arewa da Maraɗi ne, shina wucewa ta gindinshi. Ya ce zai kai ni in za ni yi mashi lodi da sauke.

Na gaya wa mai gida za ni tafi. Ya ce dama ya san ba na kai damina, ya tambayi wa zai yi mashi fassara. Na ce ya sa na kifi, ba ya son magana.

Tafiyar ba ta da wani labari. Albasa, zafi, jandarmomi, ƙasusuwan dabbobi gefen hanya. Garin ƙarami ne, rabin gidajen babu kowa. Rijiyar na bakin gari, na gane ta tun daga nesa, sai dai an cire itacen uku, an yi mata baki na siminti, igiya ta riga ta ci gefen ta yi mashi zane-zane. Wannan kaɗai ya isa ya gaya wa mutum shekaru. Mata na ja, guga na fitowa cike. Na roƙa anka ba ni na sha. Ruwan na da sanyi, da ɗan ɗanɗanon kanwa.

Anka kai ni wurin mai gari, wani dattijo mai ido guda. Na nuna hoton, ya juya shi sama da ƙasa ya ba na kusa da shi. Hoton bai yi aiki ba. Da na ce Bagobiri daga Ingila, haka su kuma suke ce wa wajenmu, mai ciwo a ƙafa, sai mutum uku sunka amsa tare. Sun tuna shi, mai ban dariya, wanda kan yi waƙa daga ƙasan rami. Sun tuna Turawan da sunka zo da abin ɗauka bisa kafaɗa, kwana biyu sunka yi sunka wuce. Washegarin tafiyarsu anka cim ma ruwa. Maginan sun zauna har anka ɗaure bakin, ƙafarshi ta warke nan garin, wata tsohuwa ta yi mashi magani. Daga nan mota ta kwashe su zuwa wani gari can arewa. An ji sun gina biyu ko uku, sannan aikin ya tsaya, kowa ya kama gabanshi, wasu sun dawo, wasu sun bi motocin hamada. Shi ba su san wanne ya bi ba. Babu wanda ya ji mutuwarshi, babu wanda ya ƙara ganinshi.

Su ba su taɓa ganin fim ɗin ba. Ba su ma san ya fito ba. Da sunka ji ni na gani har na gaji, sai anka kewaye ni, kowa na tambaya ko shina ciki. Na zauna gindin wata aduwa na ba su shi tun daga farko, matan tuluna, mai jan raƙumi, yaran da ke bin mota. Wata mata ta tambayi saniyarta, ja mai karyayyen ƙaho. Na ce akwai ta, tana kwance daga dama, tana kaɗa kunne. Ta ce ai ba ta tashi ba daga kwanciyar nan. Ta yi mani godiya.

Ba'adaren zai juya da la'asar, ni kau na riga na ji akwai motar gishiri da za ta arewa da safe, ta garin da anka kai maginan. Na same shi shina ɗaure tanti. Na ce ya bi ta Gatawa ya nemi gidan tsohon, ya ce a kira mashi matar ɗan, ya gaya mata baki da baki, kada ya ba kowa ya kai. Ya yi tsaki ya ce shi direba ne ba ɗan aike ba, sannan ya ce in faɗi. Na faɗi, na sa ya maimaita har ya riƙe.

"Ka ce mata in ji Auta. Na ga rijiyar, tun shekarar da ya tafi anka gama ta. Ƙafar ta warke nan, da ƙafarshi ya hau mota ya yi arewa, daga nan babu wanda ya san inda ya yi, ba a ce ya mutu ba, ba a ce an gan shi ba. Ta je ta gaya wa malam maganar tsumman, ita da kawu, ba cikin zauren Baba ba. Kada ta ƙara jiran fim, kada ta jira ni, ni za ni ƙara gaba in tambaya, in na ji wani abu za ni aiko Tozai. Baba kuma a ce mashi ina gaishe shi, rijiyar na da ruwa, na sha."